Masakin Kyallu a Kwarin Raɓa

Ga ta nan, ga ta nanku, ta sauko daga kan dutse.

Ta zo mu ji ta, Kaka, ga tabarma mun shimfiɗa mata.

To, ku gyara zama. Mai jin barci ya koma baya, kada ya faɗo mini a cinya.

A can wani zamani an yi wani gari wai shi Tungar Aduwa. Mutanen garin mutanen kirki ne, ba su da faɗa, ba su da rowa. Amma suna da wata ɗabi'a guda da ta fi ƙarfinsu. In mutum ya ce zai yi tafiya, ko da ƙauyen gaba ne, kafin ya sa takalmi maƙwabta sun cika masa ƙofar gida. Wannan ya ce a taho masa da kanwa, waccan ta ce a taho mata da allura. Shi ake kira sallahu. A garin nan, a kama ka da akuyar mutane ya fi maka sauƙi a kan ka dawo daga tafiya hannu rabbana.

A garin akwai wata tsohuwa, sunanta Kyallu. Kaɗi ne sana'arta, ta kaɗa zare ta kai wa masaƙa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta kowa ya yi gidansa. Ita Kyallun nan, tun da uwarta ta haife ta bakinta bai taɓa furta a'a ba. Ko yaron goye ya aike ta, sai ta tashi.

Burinta guda ɗaya ne a duniya. Can bayan duwatsun gabas akwai wani kwari da ake kira Kwarin Raɓa. Fulani masu tallan nono, waɗanda suke saukowa da shanu daga can, su ne suke ba ta labarinsa. In ta tambaye su yadda yake, sai su sauke ƙwarya, su rasa ta inda za su fara. Sai su ce, "Inna, wannan ba na faɗa ba ne, na gani ne." Tun tana budurwa take cewa baɗi za ta je. Kullum baɗi, kullum baɗi, har furfura ta cika mata kai.

Sai wata shekara, damina tana ƙarewa, ta ga zaren da take kaɗawa ya fara ɓace mata a hannu. Ta goge ido, ta sake dubawa. Sai ta ga kamar an rataya mata farin tsumma a gaba. Sai ta tashi ta tafi wurin Korau wanzami. Ya buɗe mata idon hagu, ya buɗe na dama, ya kawar da kai.

Ta ce, "Faɗa mini, Korau. Ni na goye ka kana jariri, ba ka da abin da za ka ɓoye mini."

Ya ce, "Inna, yanar ido ce, kuma irin wadda ta fi ƙarfin hannuna. Kafin a kai dawa rumbu, ina jin ta rufe."

Kyallu ta dawo gida ta zauna a bakin ɗaki. Ta yi kuka, kuka sosai, har gefen zanenta ya jiƙe. Duhun da ke tafe ya ba ta tsoro, amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ido zai tafi bai ga Kwarin Raɓa ba. Da kukan ya ishe ta, sai ta share hawaye ta ce, "Gobe da sassafe za ni."

Kafin la'asar labari ya gama gari.

Sai ga ƙaninta Jatau ya shigo yana kaɗa kai. Shi ya taɓa zuwa kwarin, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka.

Ya ce, "Yaya, me nake ji? Da wannan ƙafar za ki hau dutse? Ni na je, mutum nawa a garin nan sun je. Babu komai a can sai farin gajimare. Fulanin nan zuƙi-ta-malle suke yi miki."

Ta ce, "Ko gajimaren ne, bari in gan shi da idona."

Ya ce, "To, tun da kin nace, ga gora. Ruwan rafin can babu irinsa wajen dama fura. Ki ciko mini."

Ta ce, "To."

Yana fita sai ga Hajo, maƙwabciyarta, ta leƙo ta kan danga.

Ta ce, "Ƙawata, ashe tafiya ta kama? Allah ya kiyaye hanya. Akwai wasu duwatsu marasa nauyi a bakin rafin can, ba abin da ya kai su goge kaushi. Ki tsinto mini ɗaya, da na 'yata, da na surukata."

Ta ce, "To."

Sai ga Korau wanzami da kansa, yana sosa ƙeya, riƙe da 'yar fartanya.

Ya ce, "Inna, ba don na raina abin da ke damunki ba. Akwai wani ɗan tsiro mai jan ganye a can, saiwarsa maganin ciwon baya ce. Ki tono mini. Amma a hankali fa, in ta karye ba ta magani."

Ta ce, "To."

Ku duba fa, yara. Mace za ta je sallama da hasken duniya, amma ba a sami mutum ɗaya da ya ce mata je ki ki more idonki ba. Ba mugunta ba ce. Haka suka tashi suka tarar ana yi, ita ma Kyallun ba ta ga aibun abin ba.

Gari na wayewa ta ɗauko babban masakinta. Ta sa gorar Jatau, ta sa fartanyar Korau, ta ƙulla dakuwa da ƙuli-ƙuli a tsumma ta jefa. Ta aza a ka, ta ɗauki sanda, ta kama hanyar gabas.

Ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya. Ta wuce gonaki, ta wuce fadama, ta shiga daji. Sai ta iso gindin dutse. Sai ta ji wani yana waƙa daga kan itace:

"Ga ta nan tafe mai masaki,
'Yar garin su ƙeya-sama!
A hau a miƙe, a sauko a duƙe,
'Yar garin su ƙeya-sama!"

Ta ɗaga kai ta ƙyafta ido, sai ta ga Biri.

Ta ce, "Kai ɗan nan, da wa kake?"

Ya ce, "Da ke nake, Iya. Daga Tungar Aduwa kike, ko ba haka ba? Ai da masakin muke gane ku. Me ke ciki?"

Ta ce, "Sallahun mutane."

Biri ya yi dariya har ya kusa suɓucewa. Ya ce, "Na sani! Ba ni dakuwa in nuna miki hanya."

Ta ba shi. Ya nuna mata wata 'yar siririyar hanya, irin wadda shanu suka taka. Sai ta fara hawa.

Hawan nan ba wasa ba ne. Gwiwa ta ce ba ta yarda ba, numfashi ya ce shi ma haka. Kyallu ta hau ta huta, ta hau ta huta. Iska ta fara sanyi, itatuwa suka canja, har ta daina gane sunayensu. A tsakiyar dutse sai ta tarar da Rema tana shan hantsi a bakin raminta. Kun san rema, 'yar dabbar nan mai kama da zomo marar kunne, da ke zama cikin duwatsu.

Rema ta ce, "Sannu, Iya. Me ke cikin masakin?"

Ta ce, "Sallahun mutane."

Rema ta ce, "Ayya. Ku ne kuke tone mana ƙofar gida. Ke kuma me kika zo nema wa kanki?"

Ba a taɓa yi wa Kyallu wannan tambayar ba. Can ta ce, "Gani na zo yi. Idona na shirin rufewa. An ce mini kuma babu komai a can sai gajimare."

Rema ta ce, "Gajimare kam akwai shi, shi ne mayafin kwarin. Amma kullum da hantsi yakan yaye. Ba ya daɗewa fa, gwargwadon a dama fura a sha, sai ya koma ya rufe."

Kyallu ta ba ta ƙuli-ƙuli, ta yi godiya, ta ci gaba.

Can ƙololuwa, inda hanya ta ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu, sai ta ga wani ƙaton tsuntsu a zaune. Gaggafa ce. Ta karkata kai ta ƙura wa Kyallu ido.

Ta ce, "Tsaya, tsohuwa, bari in kalle ki da kyau. Ashe haka fuskarku take."

Kyallu ta ce, "Fuskar su wa?"

Gaggafa ta ce, "Ta mutanen Tungar Aduwa. Ni daga sama nake kallon kwarin nan. Na san fuskar Bafillatani, na san fuskar maharbi. Ku kuwa, in kuka shiga, ƙeyarku kawai nake gani. Kullum kuna duƙe, kuna tsince-tsince, kuna tone-tone. Kwari ya buɗe ya rufe a kanku, ku koma gida ku ce babu komai."

Kyallu ta ce, "To yaya zan san ya buɗe?"

Gaggafa ta ce, "In kika ji ɗumi a ƙeya, rana ce ta keta gajimare. Ki ɗaga kai. Shi ke nan, ba wata dabara."

Kyallu ta ce a ranta, wannan ai mai sauƙi ne. Ta gangara cikin kwarin da yamma, ta tarar da ko'ina fari fat. Ta laluba ta sami wata tsohuwar bukka da Fulani suka bari, ta kwana a ciki.

Da safe ta fito. Fari gabas, fari yamma. Abin da take iya gani kawai shi ne ƙasar da ke gaban ƙafarta, da bakin rafi yana gudu. Sai ta ce, "Kafin ya buɗe, bari in rage aiki." Ta duƙa tana neman duwatsun Hajo. Ta sami na Hajo. Ta sami na 'yar Hajo. Sai ta ji ɗumi a ƙeya, ta ji tsuntsaye sun ɓarke da kuka ta ko'ina.

Ta ce, "Saura na surukar. In na kai biyu, a ce na raina surukar mutane. Bari in ƙarasa."

Ta juya wannan dutse, ya yi nauyi. Ta juya wancan, ya yi santsi. Can ta sami mai kyau, ta jefa a masaki, ta ɗaga kai. Fari fat. Tsuntsaye sun yi tsit, sanyi ya dawo.

Ta dafe kai ta ce, "Kyallu, Kyallu, ashe ke ma 'yar garinku ce."

Kashegari ta yi wa kanta alkawari. Ta fito ta zauna a kan ciyawa, ta ɗora hannu a cinya, ta ƙura wa farin nan ido. Ta jira, ta jira, bai buɗe ba. To, hannun da ya shekara da shekaru yana kaɗi bai san zaman banza ba. Ta duba gefen ƙafarta, sai ga ɗan tsiron nan mai jan ganye, kamar an dasa mata shi.

Ta ce, "Ai ga shi nan kusa. Sara biyu ya fita."

Ta ɗauko fartanya. Ta sara, ta sara, ashe saiwar doguwa ce, ta yi ƙasa. Ta ajiye fartanya ta sa yatsu tana bi a hankali. Sai ta ji ɗumi a ƙeya.

Ta ce, "In na saki yanzu ta karye, Korau ya ce in ta karye ba ta magani. Bari in ƙarasa."

Ta ja a hankali, ta ja a hankali, saiwa ta fito lafiya lau. Ta ɗaga kai da sauri. Sai ta ga wani ɗan tsiririn kore can sama, da wani abu yana ƙyalli a cikinsa. Kafin ta gane ko mene ne, gajimare ya haɗe.

Wannan ɗan abin da ta hango ya fi rashin gani ciwo, don yanzu ta tabbata Fulani ba ƙarya suke yi ba. Tana zaune tana cizon yatsa, sai ta ji kamar gefenta na hagu ya yi nauyi. Ta rufe idon dama da tafin hannu. Duhu. Idon hagu ya tafi.

Tsoro ya kama ta. Sai ta ji fukafukai, Gaggafa ta sauka a kan bukka.

Ta ce, "Yau na ga rabin goshinki, tsohuwa. An sami ci gaba."

Kyallu ta ce, "Kada ki yi mini ba'a, ina cikin wani hali. Ido ɗaya ya rage mini, shi ma ya kusa. Guzurina ya ƙare. Gobe dole in sauka."

Gaggafa ta ce, "To gobe ce taki. Ni ba zan iya ɗaga miki kai ba, wuyanki ne." Ta tashi ta yi sama.

Gari ya waye. Kyallu ta buɗe idon dama, ta ga shi ma ya yi dishi-dishi. Saura ruwan Jatau. Sai ta yi tunani irin na masu hankali, ta ce, "Yau tun da sassafe zan gama, kafin hantsi hannuna babu komai." Ta ɗauki masaki da duk abin da ke ciki, ta kai bakin rafi, ta ajiye a kan yashi. Ta durƙusa ta tsoma gora.

To gorar Jatau bakinta ƙarami ne, kamar hannun mai ita. Ruwa yana shiga, bul, bul, bul, a hankali. Ashe an yi ruwa a can saman duwatsu, rafi yana ƙaruwa ba ta lura ba. Ruwa ya taɓa gindin masaki. Ya ɗaga shi. Masaki ya juya, ya fara tafiya.

A daidai wannan lokacin ta ji ɗumi a ƙeya.

Ga masaki can, bai yi nisa ba. In ta shiga ruwa a duƙe ta bi shi, za ta kamo shi. Duwatsun Hajo na ciki, saiwar Korau na ciki, har da fartanyar aro. Ta tuna ƙofar gidanta cike da mutane, kowa ya miƙo hannu. Ta tuna yadda za a riƙa nuna ta da baki a gidan suna. Kunya ta rufe ta tun ba ta koma ba. Sai ta ga hannunta ya miƙe da kansa, ya nufi masaki.

Sai Kyallu ta buɗe baki ta ce, "A'a!"

Ita kanta sai da ta firgita da jin muryarta. Ta janye hannun. Ta saki gorar ma, ruwa ya tafi da ita. Ta dafa sanda, ta miƙe tsaye, ta ɗaga kai.

Yara, ku matso, wannan wurin ba na son kowa ya yi motsi.

Gajimare ya tsage biyu, yana naɗewa yana hawa. Sai ga duwatsu sun kewaye ta ta ko'ina, kore shar tun daga gindi har ƙololuwa. Daga kan wanda ya fi tsawo ruwa yana zubowa, ya rabu siri-siri, fari tas kamar zaren da ta kaɗa da hannunta, ya faɗo ƙasa yana hayaƙi. A gindinsa bakan gizo ya kafa ƙafa, yana tsaye bai motsa ba. A tsakiyar kwarin ga wani tafki kwance, sama gaba ɗaya ta sauko cikinsa, da shuɗinta da duwatsunta. Ciyawar da ta kwana biyu tana takawa, ashe furanni ne, ja da rawaya da shuɗi, har iyakar ganinta. Kowane ganye da ɗigon raɓa a bakinsa, kowane ɗigo da 'yar ranarsa a ciki. Barewa uwa da ɗa suna shan ruwa, suka ɗago suka dube ta, suka ci gaba da sha. Balbelu suka tashi daga bakin tafki, suka zaga, suka sake sauka. Can nesa a jikin dutse ga fararen shanu suna kiwo, ƙanana kamar an watsa auduga.

Kyallu ta juya gabas ta kalla. Ta juya kudu ta kalla. Hawaye ya zo, ta share shi da sauri, ta ce, "Ba yanzu ba, kada ka tare mini." Ta kalli sama, ta kalli ruwa, ta koma ta sake kallon abin da ta riga ta kalla. Daɗi ya cika mata ƙirji har ya rasa wurin zama. Sai ta sa hannu a hanci ta rangaɗa guɗa. Duwatsu suka amsa mata, wannan ya miƙa wa wancan, har guɗar ta zaga kwarin ta dawo.

Daga can sama Gaggafa ta yi kira, "Na ga fuska! Yau na ga fuskar 'yar Tungar Aduwa a cikin kwari!"

An ce ran nan gajimare ya yi nawar dawowa, bai taɓa daɗewa haka ba. Wai kwarin ma daɗi ya ji an kalle shi. Kyallu ba ta zauna ba, ba ta waiwayi rafi ba, tana tsaye har farin ya sauko ya rufe komai. Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi. Na ƙoshi."

Ta kama hanyar gida, daga ita sai sanda. Rema ta gan ta ta ce, "Iya, kin gani?" Ta ce, "Na gani, 'yar nan." Biri ya hango ta tana saukowa a miƙe, kai babu kaya. Ya buɗe baki zai yi waƙa, waƙa ta ƙi zuwa, ya rasa abin yi sai sosa ciki.

Tana tafe hasken yana raguwa. Ta wuce daji tana ganin inuwar itatuwa. Ta wuce fadama tana ganin hanya da ƙyar. Tana isa gonakin bayan gari, sauran idon ya rufe ruf. Ta tsaya, ta ja numfashi. Sai ta ji ƙarar daka daga cikin gari, ta bi ta da kunne, tana laluben hanya da sanda, har ta iso ƙofar gidanta.

Kafin ta zauna an cika wurin. "Kyallu ta dawo! Sannu da hanya! Ina tsaraba?"

Hajo ta duba kanta, ta duba bayanta, ta ce, "Ƙawata, ina masakin?"

Ta ce, "Rafi ya tafi da shi."

Korau ya ce, "Subhanallahi! Inna, kina ina har ya tafi?"

Ta ce, "Ina tsaye a wurin. Ina jin tafiyarsa, na ƙyale shi."

Wuri ya ɗauki salati. Wata ta riƙe haɓa, wani ya juya baya. Jatau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya ce, "Yaya, kin zubar mana da mutunci. Ga ido ya tafi, ga hannu rabbana. Me aka yi ke nan? Ban gaya miki babu komai a can ba?"

Kyallu ta laluba ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Jatau, da ka je, ka ga ruwan da ke zubowa daga kan dogon dutse?"

Ya ce, "Wane ruwa?"

"Tafkin fa, wanda sama ke kwance a cikinsa?"

Ya ce, "Wane tafki?"

Ta ce, "To zauna."

Sai ta fara. Ta faɗa musu duwatsun, ta faɗa musu ruwan da bakan gizonsa. Ta faɗa musu furanni, da raɓa, da barewa uwa da ɗa. Tana faɗa tana nunawa da hannu, ga shi nan, ga shi can, kamar a gabanta yake. Waɗanda suka juya baya suka juyo. Masu tsaye suka zauna. Tuwo ya ƙone a gidaje, ba wadda ta tashi. Korau ya manta da fartanyarsa, ya saki baki.

Da ta kai ƙarshe, Jatau ya matso kusa da ita. Can ya ce, da ƙaramar murya, "Wallahi na ji ƙarar ruwan nan, Yaya. Na ɗauka iska ce. Ina duƙe ina cika wa mutane goruna." Ya share ido da hannun riga. Ya ce, "Gobe zan koma. Me zan taho miki da shi?"

Kyallu ta ɗaga sanda ta ce, "Ko tsinke ka taho da shi, kada ka shigo mini gida!"

Wuri ya fashe da dariya. Wannan ya ce shi ma za shi, waccan ta ce ita ma a jira ta. A ranar aka yi abin da ba a taɓa yi ba a Tungar Aduwa, mutane suka yi shirin tafiya ba wanda ya ba wani sallahu.

Hajo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matso ta riƙe hannun Kyallu, tana kuka.

Ta ce, "Ki yafe mini, ƙawata. Saboda kaushin ƙafata na kusa cinye miki rabonki. Ga shi yanzu sai zaman duhu."

Kyallu ta yi dariya har da buga cinya. Ta ce, "Wane duhu, Hajo? Ai da kwarin a ciki idon ya rufe. In na juya nan, shi nake gani. In na juya can, shi ne. Ku in kun je, gajimare zai rufe muku shi kafin ku gama shan fura. Nawa kuwa a buɗe yake, ba mai sake rufe mini shi."

Ƙurunƙus kan kusu, ta koma kan dutsenta. Ku yi wa mutane alheri, yara, ku cika musu sallahu in kun iya. Amma in kuka je wurin da Allah ya ƙawata, ku fara ɗaga kai ku kalla tukuna. To, a tashi, kowa ya naɗe tabarmarsa.